Tambayoyin da ɗalibai ke bari a shagona

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a jaridarka in sauke wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ɗalibai ke son yin bincike kan lafiyar ƙwaƙwalwar matasanmu ana hana su. Ni ba malamin jami'a ba ne, ba kuma likita ba. Shagon buga takardu gare ni a Tudun Wadan Zariya, da kwamfuta uku, da injin fotokwafi ɗaya da ya tsufa tare da ni, da wani janareto da duk maƙwabta sun haddace muryarsa. Shekara 19 ke nan ina buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, wanda su suke kira furojet. Kafin nan na koyar a firamare shekara shida. Duk abin da zan faɗa, daga kan kujerar shagon nan na gan shi.

Garin nan namu ba ya rabo da ɗalibai. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, da harabarta ta Samaru da ta Kongo, ga asibitin koyarwa a Shika, ga makarantar horon malamai ta tarayya nan kusa da mu, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ban da ƙananan makarantun kiwon lafiya. Har daga Kaduna da Funtuwa akan turo mini aiki ta waya. Don haka idan na ba da labarin wani ɗalibi ko wani malami, kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen laluben wace makaranta ce. Ba zan faɗa ba.

Da can, yaran da ke karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ko ba da shawara a makarantu, ko nazarin zamantakewa, kusan taken kundi ɗaya suke jujjuyawa: tasirin mutuwar aure ga ƙwazon ɗalibai, tasirin kayan koyarwa ga ƙwazon ɗalibai, tasirin kaza ga ƙwazon ɗalibai. Ko idona a rufe ina iya buga babi na ɗaya. To amma tun daga shekarar kulle ta korona, 2020, na lura bakin yaran ya sauya. Idan wuta ta ɗauke muna jiran janareto ya huce, hirar da suke yi a kan bencina ta lafiyar ƙwaƙwalwar matasa ce. Kuma a nan na gane cewa kusan kowane ɗalibi take biyu gare shi: akwai wanda yake faɗa mini da baki, idonsa na ƙyalli, akwai kuma wanda aka sa wa hannu, wanda yake miƙo mini a takarda kamar mai miƙa kuɗin haraji.

Akwai wata yarinya daga wani ƙauye ta wajen Giwa. 'Yan bindiga sun shiga garinsu da dare suka tafi da mutane, har da ƙanenta mai shekara 13. Bayan an haɗa kuɗin fansa ya dawo, kowa ya yi hamdala, aka yi sadaka, aka ce magana ta wuce. Ita kaɗai ta lura maganar ba ta wuce ba. Yaron da ke na ɗaya ko na biyu a aji ya daina iya zama ya karanta shafi guda. Ya koma fitsarin kwance. Da ya ji ƙarar babura biyu ko uku tare, sai ya shige ƙarƙashin gado. Malaminsu ya zane shi sau biyu don yana barci a aji, alhali da dare ne ba ya rintsawa. Ta ce mini, "Baba, ba shi kaɗai ba ne. A ajinsu kawai na ƙirga yara bakwai da aka taɓa ɗauka ko aka ɗauki wani nasu. So nake in zauna da su da malamansu in ji yadda suke kwana da yadda suke wuni." Na ce, "'Yata, wannan ai shi ne aiki." Bayan mako uku ta dawo da taken da aka amince mata: tasirin kafofin sada zumunta ga ƙwazon ɗaliban sakandare. Yaran ƙauyensu kuwa, wasu ko wayar tocila ba su da ita.

Wani yaro kuma cacar ƙwallo ta waya ce ta tsaya masa a rai, domin abokin kwanansa ya zuba kuɗin rajistarsa kaf a ciki, ya yi wata biyu yana fita da safe kamar mai zuwa aji don kada a gane. Wata matar aure, da goyonta a baya, tana son ta san dalilin da ya sa wasu masu jego ke zama su yi ta kuka ba wanda ya taɓa su, har su ƙi kallon jaririn, a gida kuma a ce iska ce ko rashin godiyar Allah. Wanda ya fi ba ni mamaki wani saurayi ne da ya yi karatun allo tun yana shekara shida a hannun wani malami nesa da gida, daga baya ya shiga boko. Tambayarsa gajeriya ce: almajirin da ya yi kewar uwarsa, wa yake faɗa wa? Cikin su ukun nan babu wanda ya rubuta abin da ya zo da shi.

Ina tambayarsu me suke son zama. Yarinyar Giwa ɗaki ɗaya take so a tsohuwar makarantarta, mai ƙofa da labule, inda yaro zai shiga ya yi magana ba a ji shi a ofishin malamai ba. Mai maganar caca yana son aiki da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, amma ya ce shi ba bindiga yake son riƙewa ba, ɓangaren gyaran tarbiyya yake so. Wasu kuma ba su ɓoye mini ba: sun ji an ce fannin yana da kasuwa a Ingila da Kanada, kundi mai kyau zai taimaka musu wajen neman tallafin karatu. Ban ga laifinsu ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai alƙaluman da na buga sau ɗari ko fiye, har na haddace su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori kan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 ne gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su cika ɗari uku ba. Duk ɗalibi sai ya jera waɗannan a babi na biyu, wani ya kwafa daga wani, har kuskuren waƙafi ɗaya nakan gani yana yawo daga kundi zuwa kundi. Amma in ka ce a nuna maka shafi ɗaya da ya faɗi halin da yaran Kusfa ko Gyallesu ko Hayin Dogo ko Muciya ke ciki, sai a yi tsit. Mun san adadin duniya, ba mu san na layinmu ba.

Wani ɗalibi ya taɓa kawo wata magana a kundinsa da ta sa na dakatar da bugu na sake karantawa. An bi manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam na 'yan shekaru aka duba su wa ake yin binciken a kansu, sai aka tarar kashi 96 cikin ɗari 'yan ƙasashen Turawa ne masu arziki, yawancinsu Amurkawa, alhali waɗannan ƙasashe ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya ba. Wato ilimin da yaranmu ke haddacewa da sunan halin ɗan Adam, mafi yawansa halin ɗalibin jami'ar Amurka ne. Yaron ya rubuta wannan a babi na biyu, sa'an nan a babi na uku ya ɗauko takardar tambayoyin da aka tsara a Amurka ya raba wa 'yan matan wata sakandare a cikin birni, da Turancinta, ko harafi bai taɓa ba.

A nan nake so in ɗan daɗe, Malam Edita, don nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Takardar da suka fi kawo mini ita ce mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ake auna ciwon damuwa da ita. Takarda ce mai amfani, likitoci na aiki da ita. Amma ka dubi yarinya 'yar aji huɗu a makarantar gwamnati, wadda Turancinta bai wuce na cin jarrabawa ba, an miƙa mata takarda ana tambayarta sau nawa cikin mako biyu ta ji kaza, ga malami tsaye da bulala a bakin ƙofa, ga ƙawarta na leƙen abin da take cikewa. Me za ta yi? Za ta zaɓi amsar da ta ga kamar ita ake so. Alhali da za a zauna da ita a tambaye ta da Hausa, tana da kalmomin da ta san bambancinsu sarai. Damuwa daban, baƙin ciki daban. Ɓacin rai na iya wucewa kafin magariba, ƙunci kuwa kwana yake da mutum. Takaici yana da wanda ya jawo shi. Zullumi na abin da bai zo ba ne, fargaba ta fi shi gudun zuciya, firgita kuma ta mai tashi a tsakar dare ce. Mutanenmu ma ba kasafai suke cewa ransu ne ba lafiya ba. Sai su ce wani abu ya tokare musu ƙirji, ko kansu ya ɗau zafi, ko jikinsu ya mutu, ko tunani ya yi musu yawa. Uwar da za ta yi maka rantsuwa ɗanta ba shi da taɓin hankali, ita ce za ta ce maka, "Wallahi yaron nan tunani zai kashe shi." Ɗalibin da ya tattara waɗannan maganganu daga bakin matasa talatin, ya rarrabe wace ake faɗa a wane hali, ya yi aikin da likitan Shika zai amfana da shi gobe da safe. Kuma ba wanda ya fi yaranmu dacewa da wannan aikin, tunda da harshen suka tashi. Da ɗan gari akan ci gari.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiyar ƙwaƙwalwa ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har ma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Duniya ta yaba, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 1960 wani likita ɗan Kanada da ya yi aiki a can, Raymond Prince, ya rubuta bayani kan wani ciwo da ya gani a jikin ɗaliban Nijeriya: zafin kai, jin kamar wani abu na yawo a cikin kai, ido ya dushe, a karanta shafi a kasa riƙe komai. Sunan da ya sa wa ciwon daga bakin ɗaliban ya ɗauko shi, ma'anarsa gajiyar ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya zauna da ɗalibai a makon jarrabawa ya san har yau ana wannan kukan. A Zimbabuwe kuma, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata yadda za su saurari masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, kuma kalmar da suka gina aikin a kanta, a harshensu na Shona, ma'anarta yawan tunani. Daidai abin da kakanninmu ke faɗa. Duk waɗannan mutane kunne suka fara sawa kafin alƙalami.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Bari in faɗi nawa. Sau da yawa na ga ɗalibi ya zauna a kan bencina da biro uku, shuɗi da baƙi da ja, ya cike takardun tambayoyi ɗari biyu shi da abokansa biyu, suna sauya hannu suna dariya. Na karɓi kuɗin fotokwafina na yi shiru. A shekarun baya har tsofaffin kundaye na sha tura wa yara a filashi, su sauya sunan ƙaramar hukuma da shekara, su kai. Na daina, amma na yi. Idan ka tambaye su dalili, lissafi za su yi maka: takarda mai shafi uku, kwafi ɗari biyu, shafi naira hamsin, dubu talatin ke nan kafin a yi maganar kuɗin mota, da jiran shugaban makaranta ya sa hannu, da ɗinkin kundi kwafi huɗu. Yaron da ke wuni da garin kwaki ina zai kai wannan? An ce masa in mutum bai kai ɗari biyu ba, aikin bai zama bincike ba. To sai ya ƙirƙiro mutum ɗari biyu. Ni a ganina hira ta gaskiya da mutum goma sha biyar ta fi takarda ɗari biyu da aka cike a shagona, kuma na san akwai hanyar bincike da ta yarda da haka, don na buga ta a kundin masu digiri na biyu.

Ban ce malamai mugaye ba ne. Akwai wani da ke kawo mini aiki shekara da shekaru, na taɓa tare shi da maganar. Ya ce, "Alhaji, ɗalibai talatin da wani abu nake dubawa bana, ban da aji. Take sabo yana son in zauna in karanta, tsoho kuwa na san inda ake kuskure." Sa'an nan ya faɗi abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Ya ce tambaya ta tara a waccan takardar ta PHQ-9 tana tambayar mutum ne ko yana jin gara ya mutu. "In ɗalibata 'yar shekara 22 ta tambayi yaro, ya ce e, me za ta yi da shi? Ta rubuta a jadawali ta wuce?" Ya ƙara da cewa dokokin laifuka na ƙasar nan sun daɗe suna lissafa yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka, don haka iyaye ɓoyewa suke yi, shugabannin makarantu kuma ba sa son a tono. Gaskiya ya faɗa, kuma ban da amsar da zan ba shi a ranar.

Yanzu ina da ita. Tsoron nan dalili ne na a shirya yaran kafin su fita, bai kai dalilin a hana su fita ba. Kada ɗalibi ya je wurin kowa sai an koya masa neman izinin iyaye, da riƙe sirri, da sanin lokacin da zai ajiye biro ya ce, "Zo mu je wurin wanda ya fi ni sani." Sai ya fita da sunan wuri a aljihunsa: akwai sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, mai kallon marar lafiya kamar abin da za a kulle kawai. Doka ta sauya a Abuja. Wa zai kai labarinta Dakace da Wuciciri in ba irin waɗannan yaran ba?

Abin da ya sa na ɗauki maganar nan da zafi, a gidana ta faru. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, bayan na 2020 da ya ci wata tara. Ɗana na biyu yana aji uku a lokacin. Wata na farko yana taya ni aiki a shago. Zuwa wata na huɗu ya daina fita, ya daina cin abinci tare da mu, ya rame, wuni yake a kwance fuska ga bango. Ƙwallon da yake mutuwar so ko kallo ya daina. Ni kuwa, da na buga alamomin ciwon damuwa da yatsuna sau ba adadi, na tsaya a kansa na kira shi malalaci, na ce sa'o'insa na can suna acaɓa suna kawo cefane. Mahaifiyarsa ta karɓo rubutu, ta yi ta tofi. Wata rana na tilasta masa zuwa shago, sai wata ɗaliba da ta zo gyaran babi na huɗu ta yi ta kallonsa. Da ya fita ta matso ta rage murya ta ce, "Baba, ka yi haƙuri in na yi shisshigi. Tun yaushe yayan nan yake haka?" Na faɗa mata. Ta ce, "Wannan ba lalaci ba ne. Don Allah ku kai shi ya ga likita, a ci gaba da addu'ar kuma." Yarinyar da na haifi wadda ta girme ta. Na ji kunya, amma na kai shi. Aka ɗora shi a kan magani, aka riƙa zama da shi ana magana, uwarsa ba ta fasa tofinta ba. Ya ɗauki watanni kafin ya dawo daidai. Yau ya gama, yana koyarwa. Taken kundin yarinyar nan kuwa, in ban manta ba, tasirin girman aji ne ga ƙwazon ɗalibai.

Maganar rubutu da tofi ta kawo ni ga wani abu da yaran ke so su bincika ana hana su, wai ba kimiyya ba ne. A garin nan, kafin a kai mutum ɗaya asibiti an kai goma wurin malam. Wanda duk ke son ya san halin da matasanmu ke ciki, dole ya zauna a zauren masu ruƙiyya da limaman unguwa ya ji irin ƙorafin da ake kawo musu, da yadda suke gane wanda ya fi ƙarfinsu. Addininmu bai ce mumini ba ya baƙin ciki ba. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, alaihis salam, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihi. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi ya rarrabe baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki, yana son magani. Da za a bar ɗalibi ya kai wa liman wannan, ya kuma kawo wa likita abin da liman ya sani, da an rage masu faɗawa tsakani. Mun ga abin da ke faruwa da masu faɗawa tsakanin. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da ɗari uku, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, don ba su san wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Sai kuma inda kundin ke ƙarewa. Wata rana na sayi awara a bakin titi, ina buɗe takardar sai na ga bugun shagona ne, na gane shi da wani layi da injina ke ja a gefe. Babi na biyar ne, shawarwari ga gwamnati da iyaye. Na ci awarata na karanta shawarwarin, duk da mai ya ɓata rabi. Ina roƙon shugabannin sassa su sa kowane ɗalibi ya rubuta shafi ɗaya da Hausa, abin da ya tambaya da abin da ya gano, ya kai wa makarantar ko unguwar da ya yi aikin, ko a karanta a taron iyaye da malamai. Wanda ya san zai koma ya tsaya gaban mutanen da ya ce ya tambaya, ba zai cike takarda da biro uku ba. Malamin da ɗalibai suka yi wa yawa kuma yana iya haɗa biyar a kan tambaya ɗaya, wannan ya ɗauki Samaru, wancan Sabon Gari, waccan cikin birni, na baɗi su ɗora daga inda na bana suka tsaya. Ku ma 'yan jarida, da za ku ware ko rabin shafi a wata don irin waɗannan taƙaitattun bayanai, da yaran sun san akwai mai karantawa ban da mai ba da maki.

Yarinyar Giwa ta gama da taken da aka ba ta, ta ci maki mai kyau, tana bautar ƙasa yanzu. Ranar da ta zo karɓar kundinta ta ba ni wasu shafuka shida da ta rubuta da hannu kan ƙanenta da yaran ajinsu, ta ce in buga in ajiye mata, wataƙila ta samu damar digiri na biyu. Na buɗe mata wuri a kwamfutar tsakiya. Daga nan na fara tambayar duk wanda ya zo ko yana da taken da aka ƙi, in ya yarda in rubuta, ba tare da sunansa ba. Zuwa daren jiya sun kai 43. Duk malamin da ke son ya gani, ya zo Tudun Wada ya tambayi shagon da janaretonsa ya fi na kowa ƙara, za a nuna masa. Ɗalibin kuma da aka amince masa ya yi tambayoyinsa da Hausa, kwafi hamsin na farko ni zan ɗauki nauyinsu, in dai ya zo da takardarsa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Mai shagon buga takardu,
Tudun Wada, Zariya.